Kawu Wakilin Kowa

Ina yaro a Kiru, wajen ƙarshen zamanin Turawa, shanun wani Bafillatani suka cinye mana dawa. Damina ce, ba mai barin aiki, sai babana ya wakilta kawuna gaban alƙali, don shi kaɗai ke da keke. Ashe Bafillatanin ma shi ya wakilta.

Kawu ya tsaya dama ya kai ƙararmu, ya koma hagu ya musanta. Alƙali ya ce wakilin mai gona ya rantse. Kawu ya ce daga hagu, "Allah ya gafarta Malam, kada a rantsar da shi, na san halinsa."

Aka kori ƙarar. Abin da har yau ke ci mini rai, a gidanmu ya ci tuwo, yana yi wa babana jaje.