Akwatin Ƙuri'a a Cinya, daga Ikara zuwa Hunkuyi

Mun tashi da asuba daga Ikara, mu huɗu a wata tsohuwar mota: ni da direba da wakilan 'yan takara biyu. Akwatin ƙuri'a na kan cinyata, don ba wanda ya yarda a sa shi a but.

Ƙungiyarmu ta manoman rani ce ke zaɓen shugaba. Makon jiya mutum uku suka tsaya, na Ikara da na Maƙarfi da na Kudan, ba wanda ya haura rabin ƙuri'u. Dokarmu ta ce biyun farko su sake karawa, na Kudan ya fita. Ga dashen tumatir ya matso, taki na jibge a sito, ba shugaban da zai sa hannu a raba.

A Furana ba mu daɗe ba, kowa ya san wanda zai jefa wa ƙuri'a. Hanyar Nasarawan Doya ce ta ci mana lokaci, ga ramuka, ga motocin rake sun tare gaba. Duk ramin da muka faɗa sai wakilan nan su kai hannu kan akwatin tare. Mun tsaya sayen ƙosai, direba na jin farashin ya ce shi ya ƙoshi. Ni dai agogo nake ta dubawa, domin in magariba ta yi ba mu ƙirga ba, zaɓen ya rushe.

Bayan azahar muka isa Hunkuyi, a yankin Kudan, muka tarar da rumfar zaɓe wayam. Wai tunda nasu ya faɗi, me ya rage musu? Na bi su har kasuwa ina roƙo. Wani dattijo mai mazarƙwaila ya bari na gama gaisuwa, sannan ya ce, "Ɗana, da tun farko kun tambaye mu wa muke so in namu ya faɗi, da ba ku ƙona mai yau ba."

Na ce, "Gaskiyarka, Baba. Amma yau ku ne za ku raba gardamar."

Ya rufe kayansa da buhu, ya miƙe. Kafin la'asar layi ya kai bakin titi. Na Maƙarfi ya ci, da ƙuri'un Hunkuyi, ya kuma bugo waya cewa daga Kudan za a fara rabon taki.

Na dawo gida a gajiye, na gane cewa wanda gwaninsa ya faɗi yana da sauran magana. Washegari na rubuta wa ƙungiya shawara: kowa ya riƙa jera zaɓinsa na ɗaya da na biyu a takarda guda. Ban sa sunana ba, tunda ba tawa ba ce.