Eilif Mai Kaɗa Ƙofa

A lokacin sanyin da maigidana Magnar ya rasu, ɗana ya zo daga Bergen ya gyara mini gida. Gyaran nasa shi ne ya kwashe duk abin da ya tsufa ya jibge a bakin titi don motar shara. Cikin kayan har da kujerar lilo ta babansa, wai ƙararta tana hana mutum tunani. Ban ce masa komai ba, don da zuciya ɗaya ya yi. Washegari ina shan kofi a taga sai na hango kujerar tana hawowa tudu, da ƙafafun mutum biyu a ƙarƙashinta. Da ta iso ƙofa sai wani dogon mutum ya fito, hularsa duk dusar ƙanƙara.

"Goggo Borghild," ya ce, "an yar miki da wannan bisa kuskure. Abu mai murya ba shara ba ne."

Ya ajiye ta gefen murhu ya juya, ko kofi bai tsaya sha ba. Wannan shi ne Eilif Rognstad.

Na san shi tun yana ajina na ranar Lahadi a gidan addu'a, shi ya sa yake ce mini Goggo kamar sauran yaran ajin. Allah ya ba shi son kiɗa, bai ba shi hannun kiɗa ba. A ƙungiyar busa ta makaranta an gwada shi da kakaki, karen malami ya yi kwana biyu bai dawo gida ba. Aka ba shi ganga, ya riƙa bugawa bayan kowa ya gama. Daga ƙarshe aka ba shi tuta. Ranar sha bakwai ga Mayu, ranar bikin ƙasarmu, shi ke gaba da tuta, bakinsa yana motsi yana bin kiɗan, mahaifiyarsa tana gaya wa mutane ai shi ne shugaba.

Da ya girma ya samu aiki a jirgin fito, yana soya wa matafiya fanke. Bai yi aure ba. Mutum ne da zai tsaya a tsakiyar zance ya ɗaga yatsa ya ce, "Ji firjin nan, yau mura yake yi."

A ɗakin ƙasa na gidan addu'armu wasu makaɗa suke gwaji duk ranar Talata. Kwamiti ya ba su ɗakin da sharaɗin ba giya, ba taba, kuma kowa ya tuɓe takalmi. Sunan ƙungiyarsu Jiƙaƙƙen Ulu. Suna da ganguna, da jita, da ƙahonni manya da ƙanana, da wani tebur cike da wayoyi kamar an zubar da taliya. Mai waƙa ne ba su da shi. Ranar da na fara jin su ina share bene, na tsaya da tsintsiya ina jiran a fara waƙa, har suka nannaɗe wayoyinsu. Kiɗan yakan fara kamar ɗigar famfo, ya yi ta kumbura har ka ce jirgi ne zai shigo ɗakin, sannan ya mutu ba sallama. Shugabarsu Torunn, mai ganga, mace ce gajeriya da ba ta dariya sai an gama aiki.

Eilif shi ke tuƙa musu motar kaya. Wata Talata ya makara, ya turo ƙofar ɗakin a hankali don kada ya dame su. Ita kuwa ƙofar nan tun zamanin kakata take kuka, wani dogon kuka mai hawa sama ya karye a ƙarshe kamar tsohuwa ta ga farashin kifi. Kukan ya faɗa daidai wurin da kiɗan ya yi shiru.

Torunn ta ɗaga sanda. "Kai, fita."

"Yi haƙuri, jirgi ne ya..."

"Fita ka sake shigowa. Haka ɗin. Kada ka gyara komai."

Tun daga ranar Eilif ya zama makaɗi. In za su wasa a wani gari, sai ya cire ƙofar da katakon da ke riƙe da ita, ya rataya mana bargo a wurin, ya kafa ta a kan dandamali da makirfo a gefenta. Ya san in ya danna ta ƙasa tana gurnani, in ya ɗaga ta tana shewa, in an yi ruwa muryarta tana kauri. Har wata jarida ta buga hotonsa yana riƙe da mariƙin ƙofa, idonsa a rufe. Mahaifiyarsa ta sa hoton a gilashi.

To, sai aikin gayya na farkon bazara ya zo. Kowa ya fito da manjagara da bokitin fenti, mata muka soya waina mai zanen zuciya da jan cuku. A wajenmu ba a hana mai aikin gayya aiki. In mutum ya zo don Allah ya shafa wa bangonka fentin da ba ka so, godiya za ka yi, ka zauna da shi har ya kaɗe.

Akwai Halvdan, tsohon makanikin jirgin fito. Tun da ya ajiye aiki bai ajiye 'yar butarsa ta mai ba, kullum tana aljihun rigarsa. Shi da kwamiti sun daɗe suna tausayin Eilif. Suna ganin yaron kirki yana ta jigilar ƙofa gari gari, ba a samu wanda ya gyara masa ba. Suka shirya za su faranta masa rai.

Eilif yana saukowa bene da buhun ganye sai ya tarar da Halvdan a durƙushe, bakin butar a cikin ƙarfen ƙofa, mutanen kwamiti a jere suna murmushi. Ina wurin da farantin waina. Na ga bakin Eilif ya buɗe, na ga ya rufe.

Halvdan ya tura ƙofar. Ta buɗe shiru kamar kyanwa ta wuce.

"Ka ji?" ya ce.

"Ban ji ba," in ji Eilif.

"Yauwa! Man injin jirgi ne, yaro. Ko jikokinka ba za su ji kukanta ba, in ka daure ka yi auren."

Kowa ya tafa. Eilif ya miƙa masa hannu ya ce, "An gode da ƙoƙari." Sannan ya karɓi waina ya cinye ta a tsaye yana kallon bango.

Ranar Talata Torunn ta buɗe ƙofar, ta rufe, ta sake buɗewa.

"Kana wurin aka yi?"

"Ina wurin."

"Ba ka ce komai ba?"

"Aikin gayya ne fa, Torunn."

Ta san ita ma da godiyar za ta yi. Mai jita ya ce a yi wa ƙofa jana'iza tun da ga fasto a sama. Amma babban bikin kiɗa na garinmu ya kusa, wanda mutanen Oslo suke zuwa, kuma karon farko ke nan da aka ba su babban dandamali.

"Muna da kukan a kwamfuta," in ji Torunn. "Maɓalli ɗaya ne. Ba na son in faɗa, Eilif, amma ba zan tsayar da mutum gaban jama'a yana buɗe lafiyayyar ƙofa ba. In ba ka samo murya kafin biki ba, ka koma tuƙi."

Wato a koma riƙon tuta.

Babu abin da bai yi wa ƙofar nan ba. Ya wanke ƙarfen da sabulun kwano. Ya kwantar da ita a ruwan sama. Ya ɗaure ta da igiya ya tsoma a teku, har masunta suka tambaye shi wane kifi ke cin ƙofa a bana. Ya cusa mata gishirin busasshen kifi. Ta kumbura, ta yi wari, amma kuka ko kaɗan. Halvdan ya wuce ya gani ya ce, "Ban gaya maka ba? Mai ne na gaske."

Sai ya shiga bin gari yana tura ƙofofin mutane. Mu kuwa ba ma zuwa gidan juna ba sanarwa, don haka mutane suka riƙa leƙowa ta labule suna ganin Eilif yana buɗe musu ƙofar shinge yana kara kunne, ya girgiza kai ya wuce. Duk inda ya je Halvdan ya riga shi. Ƙofar makaranta, ta shagon burodi, har ta maƙabarta, duk sun yi tsit. Ban taɓa jin garinmu shiru haka ba.

Ana saura kwana kaɗan ya zo wucewa ta gidana, kafaɗunsa a zube. Na kira shi ya sha kofi. Ya zauna, ni ma na koma kujerar Magnar na ɗauki saƙata. Na jingina baya. Kujerar ta ce abin da ta saba cewa.

Kofin ya tsaya a hanya kafin ya kai bakinsa.

"Goggo, sake."

"Me zan sake?"

"Zaman."

Ashe duk zagayen Halvdan bai shigo ɗakina ba, don ba ya shiga gidan gwauruwa shi kaɗai. Eilif ya roƙa in tashi ya gwada. Ya zauna, kujerar ta yi wata 'yar tsuwwa kamar ɓera, don shi ba nauyi. Ya kira mai busa ƙaton ƙaho, wanda ya yi biyunsa, kujerar ta yi nishi na ce maza ya sauka. Aka kira Torunn, ƙafarta ba ta kai ƙasa ba. Suka tsaya su uku a tsakar ɗakina da safa, suna kallona kamar masu sayen saniya, don nauyina kaɗai ke fitar da kukan.

"A'a," na ce.

Wurin bikin tsohuwar masana'antar gwangwanin kifi ce, kuma ana sayar da giya a ciki. Ban taɓa sa ƙafata a irin wurin ba. Na kwana ina addu'a a kai. Abin da ya riƙa dawo mini shi ne kujerar nan tana hawowa tudu da ƙafafu biyu. Da safe na aika musu sharaɗi: za a juya ni in ba teburin giya baya, zan tafi da saƙata ta safar da muke yi wa matuƙan jirgin ruwa, kuma ba wanda zai ambaci sunana.

Ranar Asabar da la'asar aka ɗora ni a dandamali. Eilif ya kwanta rub da ciki a gefen kujerar da makirfo a hannu, da wani ɗan akwati mai maɓallai. Shi kaɗai ya san inda kukan yake zaune, yana bin sa daga ƙafar hagu zuwa ta dama, yana murɗa shi har ya cika ɗakin. Ni dai ina rera waƙar yabo a zuciyata ina lilo da ita, Torunn tana bina da ganga, ƙahonni suna kumbura a bayana. Na ji kujerar Magnar tana fita ta lasifika kamar jirgi a hazo.

Sai na iso dunduniyar safa. Duk mai saƙa ta san ba a juya dunduniya ana lilo. Na tsaya cak ina duba zarena. Kujera ta yi shiru. Torunn ta daskare da sanda a sama, duk makaɗan suka tsaya. Eilif ya ɗago kai daga ƙasa yana raɗa, "Goggo! Goggo, don Allah!"

"Bari in gama, kada ta karkace," na ce. Ashe makirfo yana kusa.

Da na juya dunduniyar na jingina baya, kujerar ta saki kuka, su kuma suka faɗo a kansa gaba ɗaya. Ɗakin ya ɗauki ihu. Daga baya wani mai gemu daga Oslo ya riƙe hannun Torunn yana cewa shirun nan shi ne ƙololuwar bikin, wa ya tsara shi? Ta nuna Eilif, wanda ke karkaɗe ƙura daga cikinsa. "Makaɗin kujerarmu," ta ce. Ta ma yi dariya.

A layin gaba na hango Halvdan, fuskarsa a yamutse, hannunsa yana shiga aljihu yana fita.

Eilif ne ya maido kujerar da kansa, a ka, kamar wancan karon. Ya ajiye ta gefen murhu, ya tsaya yana murza hularsa.

"Goggo Borghild, ina da roƙo."

"Ina ji."

"Kada ki rame, kada kuma ki ƙara ƙiba. Yadda kike cin waina yanzu, ki tsaya a haka. Sannan in Halvdan ya ƙwanƙwasa, ki ce ba kya nan."

"Ba na ƙarya, Eilif."

Ya yi tunani.

"To ki zauna a kanta, kada ki motsa, har ya tafi."