Bagobirin da ke Gefen Hoto

Ko da zan manta ranar da na sauka Dubai, wallahi ba zan manta ranar da na goge wa wani bawan Allah fuska da hannuna ba.

Lokacin ina aiki a wani shagon buga hotuna a unguwar Al Quoz ta Dubai, watana huɗu da barin Zangon Kumasi. Aikina gyaran tsoffin hotuna a kwamfuta: in an kawo wanda ya koɗe ko ya kakkarce, in share tabon, in fito da shi tas. Kuma ina ji da kaina, ba ƙarya.

Farkon Nuwamba wata tsohuwar Baturiya ta shigo da jan fure na takarda a ƙirjinta, irin wanda mutanen Ingila ke maƙalawa don tuna mamatansu na yaƙi. Ta kawo hoton mahaifinta a yaƙin Bama, zamanin yaƙin duniya na biyu, za a rataye shi a taron tunawa da ƙungiyarsu ke yi. Turawa uku ne zaune a tsakiya, baƙaƙen sojoji kuma a tsaye gefe da gefe. Firem ɗin da ta zaɓa siriri ne, hoton kuwa mai faɗi. Maigidanmu, wani Balarabe, bai ɓata lokaci ba, ya ce mini, "Yanke na gefen, ka bar Turawan, khalas, shi ke nan."

Na ce to. Amma ɗabi'ata ce sai na share tabon hoto duka kafin in yanka. Ina cikin yi na iso kan wani dogon soja a can ƙarshen dama, kumatunsa duk layi-layi. Na ce kai, wannan karcewar ta yi muni! Na bi su ɗaya bayan ɗaya na shafe, fuska ta koma sumul.

Sai na ji an daka mini tsawa ta baya. Kafintanmu ne mai haɗa firem, wani dattijo mutumin Maraɗi.

"Kai ɗan Zango! Me ka yi haka? Mai da shi yadda yake!"

Na ce, "Baba, karcewa ce fa."

"Karcewar gidanku! Aska ce! Ƙara girman, ƙara!"

Na dawo da hoton asali, na ƙara girma. Jama'a, sai ga layukan sun fito a jere, daga gefen baki sun nufi kunne. Baba ya dangwala yatsa a gilashin kwamfuta yana ƙirgawa. "Voilà, ga shi nan! Bagobiri ne! Wallahi Bagobiri ne, irin askar kawuna ce sak!" Ya yi kabbara har 'yan Pakistan masu loda kaya suka leƙo. Ni kuwa tsigar jikina ta tashi. Mutumin da nake gani kamar bango, ashe da zai buɗe baki, Hausa zai yi mini.

Nan fa rigima ta tashi. Baba ya ce in na yanke mutumin nan, kada in ƙara ce masa Baba. Maigida kuwa ba ya maimaita umarni, kuma bizata a hannunsa take. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma wani zumuɗi ya riga ya hau kaina. Na buga hoton cikakke, Baba ya fasa cin abincin rana ya haɗa masa firem mai faɗi.

Da maigida ya gani, idonsa ya yi ja. "Habibi, wa ya sa ka? In matar nan ta ƙi shi, ka haɗa kayanka."

Washegari Baturiyar ta zo. Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ba haka ta ce a yi ba. Na ce a raina shi ke nan, Kumasi ga ɗanki nan. Sai na yi ta maza, na nuna mata sojan, na ce wannan mutuminmu ne. Ta ce shekara da shekaru hoton nan na ɗakinta, ba ta taɓa tambayar su waye a gefen ba. Ta ce, "Ya sunansa?"

Na fassara wa Baba. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Gaya mata sunansa ya ɓace mana. Amma iyayensa sun rubuta garinsu a fuskarsa tun yana ɗan kwana bakwai, don kada ya ɓata."

Da na fassara mata, sai tsohuwar ta ce a nannaɗe mata shi haka, kuma ni da Baba mu zo taron. Maigida ya washe baki kamar shi ya kawo shawarar.

Mun je kuwa, Baba da babbar rigarsa ta sallah. Aka busa ƙaho, aka yi tsit na minti biyu, aka karanto sunaye. Babu namu ko ɗaya. Abin ya sosa mini rai, amma ga Bagobiri nan a bango yana kallon kowa. Baba ya ɗaga hannu yana masa addu'a a hankali, na bi shi da amin, hawaye na zuba ina murna.

Da ina zaton sai maƙiyi ke shafe mutum daga tarihi. Ranar na gane sau da yawa ɗan'uwansa ne, mai kyakkyawar niyya, da aka ce ya gyara, bai tsaya ya tambaya ba. Shi ya sa har gobe, in an kawo mini tsohon hoto, ba na taɓa fuskar kowa sai na nemi wanda ya san ta.