Jiƙaƙƙen Buhu a Kan Kwamfutar Yaya

Ni hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Tun ina ƙarami, in aka ba ni rediyo mai lafiya, sai na kwance shi na ga abin da ke magana a ciki. Wannan ƙaiƙayin hannu ne ya mai da ni makaniken injin ban ruwa a gonakin Bakolori, kuma shi ne ya ci kwamfutar Yayana.

Yaya ne ɗan farin Inna. Shi ya haɗa kwamfutar da kansa, guntu-guntu, don wasan ƙwallo kawai. A cikin wasan ya ƙera ɗan wasa mai kama da shi sak: dogo, baƙi, da ɗan gemun nan nasa da ya ƙi cika, da lamba tara a baya. Da zazzaɓi ya ɗauke shi a wata damina, kwamfutar ta dawo ɗakina, lamba tara na ciki.

Kowace Talata, ranar kasuwar Mafara, taubashina yakan zo daga Bakura sayar da awaki, in ya gama sai ya biyo gida mu buga. Inna kuwa, saboda kunyar ɗan fari, ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. “Wancan” take ce masa. Ko ranar rasuwar ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Amma duk Talata in ta ji ihun 'yan kallo daga lasifika, sai ta jawo tabarma bakin ƙofata da faifan shinkafa, wai nan ne inuwa. Hannunta na tsintar tsakuwa, idonta na kan lamba tara. Ban taɓa nuna mata na gane ba.

Aibin kwamfutar ɗaya ne. In 'yan wasa suka taru a gaban raga, hoton yakan ɗan tsaya, tsayawar da ba ta fi ƙiftawar ido ba. Taubashi kuwa ba ya barin abin tsiya ya wuce.

“Kwamfutar ga ta tsuhwa,” in ji shi. “Kai da kaka gyara injin mutane, naka ya hi ƙarhinka?”

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. A waya na ga masu harkar suna nuna yadda ake ƙara wa ƙwaƙwalwar kwamfuta gudu, a sa ta yi aiki fiye da yadda masu ƙera ta suka yanka mata. Sun yi ta kashedi a kan zafi. Ni gudun kawai na ji. Ai ni ne mai murɗa wa injin ban ruwa ƙusa ɗaya ya shayar da gona biyu, wa zai koya mini zafin inji?

Kwana uku ban samu sukuni ba. Ina bakin kwatar ban ruwa ina ɗaure noti, hankalina na gida. In na dawo, ko wanke hannu ba na tsayawa yi sosai, sai in ƙara lambar gudun, in gwada, in sake ƙarawa. Tsakani da Allah idona bai ga wani bambanci ba. Wata 'yar lamba ce a kusurwar allo ta ɗan hau, ni kuma na kasa tsayawa. Ga shi bazara ce, bangon ɗakin ma zafi yake fitarwa. Fankar ciki ta dinga kuka, can sai kwamfutar ta kashe kanta. In kunna, ta sake mutuwa, raina ya ƙara ɓaci.

A gona, in inji ya ɗauki zafi, buhun algarara muke tsomawa a kwata mu yafa masa. Haka muke yi wa jarkar ruwan sha ma. Don haka ranar Talata na cire murfin gefen kwamfutar, na jiƙa buhu, na matse, na rataya a wurin, na juyo fankar ɗaki tana hurawa ta ciki. Zafin kuwa ya sauka, kuma abin da ya yaudare ni ke nan.

Taubashi ya shigo, muka gaisa, ya tsaya yana kallo.

“Mi nika gani haka? Albasa kaka ɓoyo ko kwamfuta?”

“Zauna ka sha kashi,” na ce masa.

Inna ta jawo tabarmarta. Muka fara, hoto na tafiya sumul, ina ta cika baki. Bayan hutun rabin lokaci na taɓa buhun na ji ya bushe. Ban kashe komai ba. Hannu ɗaya na kan abin bugawa, na miƙa ɗayan na ɗauki buta na yayyafa. Lamba tara ne da ƙwallo a lokacin, ya yanke mutum biyu. Sai ƙara tas, sai ƙauri, allo ya yi baƙi.

Washegari da na kai ta, mai gyara na bakin tasha ya daɗe yana dubawa kafin ya ɗago.

“Ƙwaƙwalwar lahiyatta lau, Malam. Kashe kanta da taka yi, ceton kanta taka yi. Ruwa na anka zuba ma wuta, ya ƙone allon ciki, ya ƙone ma'ajiyar. Ka kwahe abin da ke ciki wani wuri?”

Ban kwafe ba. Ko tunanin haka bai taɓa zo mini ba. Na kwashi ƙarafan a kwali na fito, na yi ta zagaye kasuwa har aka kira la'asar, don na rasa fuskar da zan shiga gida da ita.

Talatar da ta biyo, taubashi ya sayar da awakinsa ya wuce Bakura bai biyo ba. Amma Inna ta jawo tabarma bakin ƙofata kamar kullum. Ina ciki zaune a gefen gado, na rasa inda zan sa hannuwana. Ta tsince shinkafar tas, ta sake bin ta daga farko. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce:

“Yau wancan ba shi hitowa?”

“Ba shi hitowa, Inna.”

“To,” in ji ta.

Ta naɗe tabarmar, ta ɗauki faifanta, ta koma gindin bishiyar dogon yaron da ke tsakar gida, inda inuwar take tun asali.