Malam Shu'aibu, Mai Gadin Saƙonninmu

Ina tashar mota a Ikara Madam Rifkatu, sakatariyar ƙungiyarmu, ta kira ni. Ba ta tsaya doguwar gaisuwar da ta saba ba. Ta ce, "Malam, sai haƙuri. Allah ya yi wa Malam Shu'aibu rasuwa." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun san ciwon ƙoda ya daɗe yana cin sa, amma ganin yadda yake zuwa ofis yana wasa da kowa ya sa muka sakankance.

Ƙungiyarmu ta manoman tumatir ce da rake, ofishinta yana Makarfi, ni kuma nake kula da yaɗa labaranta. Malam Shu'aibu ne ya dage sai mun mallaki sabar imel tamu ta kanmu, wato kwamfutar da duk saƙonnin ƙungiya ke shiga da fita ta cikinta. Ya kafa ta a ƙuryar ofis, ya haɗa mata batir da sola, ya sa mata manhajar da ke tace saƙonnin banza da wadda ke kama ƙwayar cutar kwamfuta. Aiki ne da ba a lura da shi sai ranar da ya lalace.

Kowace safiya yakan fara da duba saƙonnin da matatar ta tsare. Da Turanci aka horar da ita, don haka idan manomi ya rubuto daga Nasarawan Doya da gaisuwa mai tsawo da addu'o'i, sai ta ɗauke shi ɗan damfara. Malam Shu'aibu yakan saki irin waɗannan ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Na'ura ba ta san gaisuwa ba, sai an koya mata." Bai taɓa wuce kan saƙo ya shiga cikinsa ba sai da dalili. Ya sha gaya mini, "Gadi aka ba ni, ba karatun wasiƙun mutane ba."

A wata kakar tumatir ne na ga ainihin halinsa. Kamfanin da zai sayi amfanin mutanenmu na Janfalan ba ya tura motoci sai ya sami tabbaci a rubuce daga adireshin ƙungiya. Muka aika, saƙon ya dawo. Muka sake, ya sake dawowa. Tumatir kuwa ya nuna a gona, ba ya jira. Da Malam Shu'aibu ya bincika, ya tarar wani ya shiga akwatin imel ɗin shugabanmu, Alhaji Garba, yana watsa tarkacen saƙonni da sunansa, har manyan kamfanonin imel sun daina karɓar komai daga sabarmu. Nan take ya dakatar da fitar saƙonni. Sauya kalmar sirrin Alhaji kuwa abu ne da zai iya yi daga kujerarsa, amma ya ce ba a kulle wa dattijo ƙofa ya ji a bakin wasu. Ya ɗauke ni a babur muka tafi gidan Alhaji a Dandamisa.

Muka cire takalma, muka durƙusa, muka gaisa har aka tambayi lafiyar shanu. Alhaji ya dube shi ya ce, "Mai gadin iska! Yau wace iskar ce ta tsere maka?"

"Ba ta tsere ba, Baba. Ɓarawo ne ya shigo da makullinka."

"Makullina? Ai ka san idona ya yi rauni, karanta mini ake yi. Surukina na da kalmar, liman na da ita, mai shagon buga takardu a Makarfi na da ita. Wa zan hana? Kana so in ce wa liman ban yarda da shi ba?"

"Babu wanda ya ci amanarka, Baba. Mai yiwuwa kwamfutar shagon ce ke ɗauke da cuta, ta kwashe kalmar. Kai kada ka hana kowa. Duk wanda ya nema, ka ce Shu'aibu ne ya hana, yaron nan ba ya jin magana."

Alhaji ya yi dariya. "Wato kai za ka ɗauki baƙin jinin?"

"Dama ba wani farin jini gare ni a ofis ba, Baba."

A ranar ya sauya kalmar, ya share tarkacen da ke jiran fita, ya rubuta wa kamfanonin imel ɗin da suka toshe mu cewa an gyara. Aka shirya Madam Rifkatu ta riƙa karanta wa Alhaji saƙonninsa ta waya. Tabbacin ya isa kamfanin, motoci suka zo Janfalan tumatir bai ruɓe ba.

Baƙin jinin kuwa ya ɗauke shi da gaske. Surukin Alhaji ya daina amsa gaisuwarsa da sakin fuska, an kuma yi ta cewa boko ya sa ya raina manya. Malam Shu'aibu ya ji, bai taɓa kare kansa ba, ni ma ya hana ni magana.

A wurin zaman makoki Alhaji Garba ya kira ni gefe. Ya ce, "Kai da ka iya rubutu, ka rubuta. Su san ba rashin kunya ya yi ba, mutuncina ya rufe." Abin da na yi ke nan.

Allah ya jiƙan Malam Shu'aibu, ya yafe masa kurakuransa, ya rufa masa asiri ranar da asirai ke tonuwa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya ba mahaifiyarsa da matarsa haƙurin wannan rashi, ya raya 'ya'yansa bisa amana irin tasa. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.