Rariyar Gidan Malam

Ɗakin kakata, wadda muke kira Inna, shi ne na ƙarshe a lungunmu a Tambuwal, kuma ni nake kwana da ita a ciki. Daga shi sai katangar gidan Malam, wadda ta tare lungun gaba ɗaya. Duk ruwan da ya sauka a unguwar ta lungunmu yake gangarowa, kuma mafitarsa ɗaya ce: wata rariya a gindin katangar Malam. Ta nan yake shiga, ya ratsa bayan gidan, ya fita fili. Haka aka yi ginin tun ba a haife ni ba.

An ɗan jima ruwan yana wucewa da ƙyar, amma a damanar da na gama sakandare sai da ya kwana huɗu jingine da ɗakin Inna. Ginin ƙasa ne. Da rani ya shigo, bangon ya tsage daga ƙasa har kusa da taga, yatsuna biyu suna shiga. Magini ya duba ya ce in ya ƙara shan ruwa irin wannan, ba zai kai ƙarshen damana ba. Aka ce Inna ta koma ɗakin ciki. Ta ce, "Nan anka kawo ni, nan za a fidda ni." Wanda ya san ta bai sake tayar da maganar ba.

Muna da ƙungiyar unguwa, kuma ban raina ta ba. Su suka gyara mana burtsatse, su ke share maƙabarta, su ke bi gida gida in wani ya kwanta ciwo. Kawuna, ɗan Inna na cikinta, shi ne sakatare. Kowace shekara kafin ruwa suna yin gayya a lungunmu. Maza su fito da shebur, su kwashe ƙasa da leda, su zura gora cikin rariyar, gorar ta tokari wani abu mai tauri, su ce harsashin gini ne, rariyar ce ta yi ƙanƙanta. Sai Kawu ya rubuta takardar neman kwalbati, a kai ta inda ake kaiwa, a zauna jira.

A cikinsu babu wanda ya taɓa ganin rariyar ta ciki. Gidan Malam ba a shiga, kuma kaf ɗinsu a gabansa suka durƙusa da allo. Wa zai ce masa a buɗe mana mu leƙa bayan gidanka?

Ni kuwa na gani. Shekara uku ina ɗaukar karatu wurin Malama, matarsa. A bayan turken awaki, daidai bakin rariyar, akwai rabin dutsen niƙa da aka cusa. Da shi gorarsu take faɗa.

Na gaya wa Kawu. Ya ce ya ji. Mako ya zagayo na tare shi a zaure.

"Kawu, ka faɗa masu?"

"Ke, ba a tunkarar Malam haka nan. Sai an samu lokacin da ya dace."

"Ɗakin uwarka ne fa."

"Na sani. Kafin a haife ki nike ɗanta."

Ana cikin haka wani ɗan'uwanmu ya zo daga Fakku a kan babur, ya ce can wajen Kebbe har an yi ruwan shuka. Kowa ya san in ya sauka can, kwanaki kaɗan ne ya iso mu. Kuma da zarar ya sauka, mazan unguwa gona suka nufa, ba ka ƙara samun mutum biyar da shebur.

Ƙungiya tana zama ranar Juma'a bayan la'asar, ƙarƙashin dogon yaron ƙofar masallaci. Mata ba sa zuwa. Na sa hijabi na je. Na yi sallama, na durƙusa a gefen tabarma, Kawu yana tsakiyar karanta takardar kwalbati ta bana. Ban jira ya kai aya ba.

Na ce, "Ku yi haƙuri, iyayena. Ba kwalbati ba ne. Dutse ne a cikin gidan Malam ya toshe rariyar. Na gan shi da idona."

Wani ya shiga gyara hularsa, wani ya duƙa yana neman takalmi. Malam bai ɗago daga tasbaharsa ba. Ya ce, "An ji, ɗiyata. Allah ya yi miki albarka." Mai unguwa ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, taro ya watse. Kawu ya wuce ta gabana kamar bai san ni ba.

Kwana uku ba abin da ya motsa, sai hadari da ke haɗuwa a gabas yana bajewa. Ina ta huci a ɗaki, Inna tana kallona.

"Ƙarya na yi, Inna?"

"Wa ya ce ƙarya kinka yi? Dutsen, Malam ya sa shi?"

"Ban sani ba."

"Malam ya san inda turken awaki yake? Abu yana hannun mace, kin kwashi ƙafa kin tafi wurin maza. Wanga karatu naku."

Da safe na shiga gidan Malam.

Na tarar da Malama tana tsintar wake a faifai. Ta bar ni a durƙushe har ƙafata ta yi sanyi.

"'Yar sakandare," ta ce. "Ke ce kinka kai ni ƙara majalisa. Shekara ukku kina zaune bisa tabarmata, ba ki gane hanyar ɗakina ba?"

Na ce na yi kuskure, ta yafe mini. Da gaske nake, amma ban iya tsayawa nan ba. Na ce, "Malama, ɗakin Inna zai faɗi, kuma ni ke kwana a ciki."

"Af, ashe kanki kike ji wa." Ta yi dariya, sannan ta ajiye faifan. "Mi ya samu ɗakin?"

Ashe ba ta sani ba. Ba ta fita ta lungunmu, kuma duk matan da ke shiga wurinta ba wadda ta iya buɗe baki ta gaya mata. Ita ta cusa dutsen da hannunta, shekarun baya, ranar da ta tarar da gamsheƙa ta biyo rariyar ta kwanta kusa da tabarmar da jikarta ke barci.

"Kowace shekara ina jin ana zungurar dutsena da gora," ta ce. "Na ɗauka 'yan wasa ne."

Ta yarda a cire, amma sai an sa abin da zai tare maciji. Na fita na sami Kawu a ƙofar gida.

"Kawu, ba magana za ka yi da Malam ba. Raga kawai za ka sa mai walda ya yi, daidai bakin rariyar. Ga awon, da igiya na gwada."

Ya juya igiyar a hannunsa. "Ke dai ba ki da kunya."

"In damana ta wuce zan nemo."

Bai yi dariya ba, amma ya sa igiyar a aljihu.

Malama ta zaɓi Alhamis, ranar da ba karatu. Ita ta aika gida gida, kuma aikenta ba a ƙin sa. Mata suka cika bayan gidan, kowa ta ɗaure zane tamau. Maza suna waje a lungu, suna miƙo mana shebur da kwandon ƙarfe ta saman katanga, muna mayar masu da shi cike. Aka janye awaki. Dutsen ya kafe cikin baƙar laka mai wari, sai da muka haƙa gefe da gefe, muka sa taɓarya biyu muka banƙare shi. Bayansa leda ce da tsumma da takalman roba, cunkus, tsawon hannu.

Muryar Kawu ta zo ta bayan katanga. "Ku ja gefe, zan zura."

Na ce, "Zura mana, Kawu, ai ka saba."

Gorar ta yi ta kai da kawo, sai ga kanta ya ɓullo a gabanmu. Malama ta kama ta fizge. Muka ji ya ce "Subhanallahi," maza suka kwashe da dariya. Kafin azahar an kafa raga ta ɓangaren lungu, an liƙe gefenta da siminti. Malam bai fito daga zaure ba, amma ya aiko da goro, na waje da na ciki.

Bayan kwana shida ruwan ya iso, da la'asar. Na tsaya a ƙofar ɗaki ina kallon lungu. Ya gangaro jawur, ya bugi katangar Malam, ya yi juyi, ya fara shigewa. Can sai na ga yana dawowa baya. Leda ce ta manne a jikin ragar, ba wanda ya yi tunanin wannan a cikinmu. Na sunkuci manjagara na faɗa cikin ruwan har gwiwa, na yaye ledar. Ruwan ya wuce. Ta sake taruwa, na sake yayewa, Inna tana daga taga tana cewa in shigo kar in ɗauko mata mura. Ban shigo ba sai da ruwan ya ɗauke na ga gindin bangonta a fili.

Magini ya cike tsagar da sabon kwaɓi, ɗakin yana nan. Yanzu kafin kowace gayya ƙungiya tana aika wa Malama, kuma ni ake aika. Har yau ba a ce in zauna a tabarmar Juma'a ba, ni ma ban roƙa ba. Manjagarar tana bayan ƙofarmu. In hadari ya haɗu, ko ina nake a garin, gida nake nufa.