Kunyar Suruki Ta Sa Na Sayi Zarto Ban Gwada Ba

Lokacin da ake aikin dam na Bakolori ni matashin kafinta ne a Talata Mafara, da 'yar rumfata kusa da kasuwa. Ban iya karatu ba a lokacin. Sai yanzu da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa nake rubuto muku wannan da hannuna.

Mutanen da ruwa ya tasa suna ta sabon gini, aikin ƙofa da taga ya yi yawa. Na ga ina bukatar zarton kusurwa, irin mai gindin ƙarfe da ake juyawa a yanka bakin katako a karkace, don firam ya haɗu daidai. Na ga wani tsohon zarto a kasuwa, ya yi tsatsa amma ba ya girgiɗi ko kaɗan. Sai ga surukina, mai sayen kayan ma'aikatan dam idan za su tafi, ya aiko a kira ni, ya nuna mini wani mai ƙyalli, ya ce rabin kuɗi zan ba shi tunda ni ɗa ne. Maigidana da ya koya mini aiki ya sha faɗa mana kada mu sayi zarto sai mun yanka katako biyu mun haɗa, mun aza sukwaya, ma'aunin kusurwa. Amma ina durƙushe gaban suruki, kaina a sunkuye, yaya zan ce bari in gwada? Kamar na ce maƙaryaci ne. Na yi godiya na ɗauka.

Aikin farko na wani dattijo ne daga wajen Maradun. Ya zo da katako a kan jaki, ya ce na ƙofar zauren mahaifinsa ne, shi kaɗai ya iya cirowa kafin ruwa ya rufe garinsu, yana son in yi masa firam na sabon zaure. Don ɗoki na yanke duka ban haɗa ko ɗaya ba. Da na zo haɗawa, kowace kusurwa ta buɗe baki, yatsa na shiga. Ashe ƙusar da zarton ke juyawa a kai ta cinye. Na yi ta ragewa don in gyara, har katakon ya gajarce, bai isa ƙofa ba.

Dattijon bai zage ni ba. Ya daɗe yana shafa guntayen, sannan ya ce ruwa ya bar masa wannan, ni ban bar masa ba. Ya ɗaure su ya aza wa jakinsa. Katakon da na ce zan saya masa, ya ce in bar shi.

Ban ga laifin surukina ba, bai san aikin katako ba. Ni na sani na yi shiru. 'Yan'uwa kafintoci, ku gwada kayan aiki ko a hannun wa yake, kuma ku fara da katakon banza. Kunyar da na guje wa gaban suruki ta minti ɗaya ce, wadda na kwasa gaban dattijon nan har yau ba ta sake ni ba.